Ido Yana Gani, Hannu Yana Aiki: Wane Ne Yake Haɗa Su?



Kwanakin baya mun kai ziyara wani ƙauye domin duba rijiyar da muka taimaka aka haƙa. Ran Lahadi na yi sujada tare da jama'ar wurin. Da lokacin baiko ya yi, wani dattijo ya taso da kuɗinsa a hannu. Ya iso gaban kwano, ya miƙa hannu, sai kuɗin suka faɗi ƙasa a gefe. Aka ɗauko masa, ya sake miƙawa, hannun ya sake kauce wa kwanon. Yara suka yi dariya. Bayan an tashi na ji ana ƙus-ƙus. Wasu sun ce Baba ya koma shan burukutu. Wasu kuma sun ce jifa aka yi masa, har suna ambaton maƙwabcin da suke rikicin iyakar gona da shi.

Na je na gaishe shi. Ya ce mini, "Ɗana, ina ganin kwanon sarai kamar yadda nake ganinka. Hannun ne ya daina jin maganata tun ran Alhamis." Washegari muka kai shi asibiti. Aka auna jininsa, aka tarar ya hau ƙwarai. Likita ya ce wata ƙaramar jijiyar jini ce ta toshe a cikin ƙwaƙwalwarsa. Idonsa lafiya lau, hannunsa ma da ƙarfinsa. Abin da ke haɗa su ne ya sami rauni.

Saboda wannan dattijo na rubuta wannan bayani. Idan muka san yadda Allah ya shirya wannan aiki a jikinmu, za mu san lokacin da ya kamata mu yi hanzari zuwa asibiti, za mu kuma daina ɗora wa 'yan'uwanmu laifin da ba su yi ba.

AIKIN DA MUKE YI BA MU SANI BA

Ku dubi mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Kowace tana ɗaga taɓarya, ta jefa ta sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta sauke ta daidai lokacin da ta 'yar'uwarta ta fita. Babu wadda ta tsaya yin lissafi. Haka mai yankan acca da lauje, yatsunsa suna dab da kaifi amma bai yanke su ba. Haka mai sa zare a kafar allura.

Ido ba shi da wata igiya da ta tafi kai tsaye zuwa hannu. Duk abin da ido ya gani sai ya bi ta ƙwaƙwalwa, kuma duk motsin da muka nufa da hannu daga ƙwaƙwalwa umurninsa yake fitowa. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Masana sun ƙiyasta akwai ƙwayoyin aika saƙo wajen biliyan 86 a cikinta.

HANYAR DA SAƘO YAKE BI

Bari mu ɗauki misalin mutum zai ɗauki moɗa a bakin randa.

Da farko haske yana shiga ido ya sauka a kan wani tantani da ke can bayan ƙwayar ido. Tantanin yana mai da hasken ya zama saƙo. Saƙon yana fita ta wata jijiya mai ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya daga kowane ido, ya tafi har bayan kai, wajen ƙeya. A nan ne ƙwaƙwalwa take fara karanta abin da aka gani. Shi ya sa wanda aka buga a ƙeya yakan ga walƙiya, ko da ba a taɓa idonsa ba.

Daga ƙeya saƙon yana rabuwa gida biyu. Hanya ɗaya tana gangarawa ta gefen kai, wajen kunne. Aikinta shi ne ta gane ko mene ne abin: wannan moɗa ce, ba ƙwarya ba. Hanya ta biyu tana hawa wajen tsakar kai. Ita ce take auna inda abin yake, nisansa, girmansa, da yadda za a buɗe yatsu a kama shi.

Sai wani sashe da ya ratsa saman kai daga wajen kunne zuwa wajen kunne ya ba da umurni. Umurnin yana gangarawa ta cikin laka, wadda take cikin ƙashin baya, ya fita zuwa tsokar kafaɗa, da damtse, da yatsu. A gindin ƙwaƙwalwa yawancin waɗannan zaruruwa suna ƙetarawa zuwa ɗaya gefen. Saboda haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne yake mulkin hannun dama, ɓarin dama kuma yake mulkin hannun hagu.

Hannu ma ba ya yin shiru. A cikin tsoka da gaɓoɓi da fata akwai ƙananan 'yan rahoto da suke gaya wa ƙwaƙwalwa inda hannu ya kai a kowane lokaci. Ka rufe idonka ka taɓa hancinka da yatsa, za ka ga ba ka kuskure ba. Shi ya sa ko a cikin duhu ake cin tuwo, loma ba ta ɓata hanyar baki.

A ƙarshe akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa a can ƙasan ƙeya, sama da wuya. Girmanta kusan kashi ɗaya cikin goma ne na dukan ƙwaƙwalwa, amma fiye da rabin ƙwayoyin aika saƙo a cikinta suke. Ita ce mai gyara. Tana gwada abin da aka nufa da abin da hannu yake yi, idan ya fara kaucewa sai ta daidaita shi tun bai isa ba. Ita ce kuma take riƙe abin da aka koya ta wurin maimaitawa. Masunci mai kamun kifi da mashi ya san kifi ba ya daidai inda ido yake nuna shi a cikin ruwa. Ya yi ta kuskure tun yana yaro har hannunsa ya koyi inda zai soka.

Dukan wannan tafiya, daga gani zuwa fara motsi, kusan rubu'in sakan take ɗauka ga mai lafiya wanda yake a shirye. Kuma ido ne yake yin gaba. A shekarar 1999 wani masani a Ingila mai suna Michael Land da abokan aikinsa sun bi motsin idon mutane suna haɗa shayi. Sun ga ido yakan isa kan abu kusan rabin sakan kafin hannu, kuma kafin hannu ya gama wannan aiki, ido ya riga ya wuce kan na gaba.

YADDA AKA GANE HANYOYIN BIYU NE

A wurin marasa lafiya aka koyi yawancin wannan ilimi. A shekarar 1909 wani likita a ƙasar Hangari mai suna Balint ya ba da labarin wani mutum da ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni wajen tsakar kai. Mutumin yana gane abin da ke gabansa, amma idan ya miƙa hannun dama zai ɗauka sai ya kauce. Irin abin da ya sami dattijonmu ke nan.

Akwai kuma akasin haka. A shekarar 1988 wata mata 'yar Birtaniya ta shaƙi iska mai guba daga na'urar dafa ruwan wanka, irin iskar da take fita daga janareta ko garwashin gawayi. Ta rayu, amma hanyar gane abu ta lalace. Masana biyu, Goodale da Milner, sun gwada ta. Sun nuna mata wata tsaga kamar bakin akwatin wasiƙa, suka tambaye ta ko a tsaye take ko a kwance. Ta kasa faɗa. Da suka ba ta kati suka ce ta zura, sai hannunta ya juya daidai ya zura shi. Hanya ɗaya ta mutu, ɗayar tana aiki.

Darasin shi ne, mutum yana iya rasa abu ɗaya ƙarami a cikin wannan shiri, sauran kuma suna nan lafiya. Mai kallo daga waje sai ya ce ganganci ne ko ƙarya, alhali kuwa ciwo ne.

YARO KOYO YAKE YI

Ba a haifi jariri da wannan gwaninta ba. Wajen wata 2 zuwa 3 yana bin fuskar uwarsa da ido. Wajen wata 4 zuwa 5 yana miƙa hannu ya kama abu. Wajen wata 6 zuwa 7 yana sauya abu daga hannu zuwa hannu. Tsakanin wata 9 da shekara ɗaya yana tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni. Yara sun bambanta, wani yakan riga wani da 'yan makonni, wannan ba abin damuwa ba ne.

A shekarar 1963 masana biyu a Amurka, Held da Hein, sun yi gwaji da 'ya'yan kyanwa biyu-biyu. Ɗaya yana tafiya da ƙafarsa, ɗayan kuma yana zaune cikin ɗan kwando ana zagayawa da shi. Abu ɗaya suke gani. Wanda ya yi tafiya da kansa ya koyi miƙa ƙafa daidai inda ido ya nuna, wanda aka ɗauka kuwa bai koya ba sai da aka sake shi ya yi yawo. Gani kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da motsi. Goyo abu ne mai kyau, amma a riƙa sauke yaro a kan tabarma mai tsabta, a ba shi ludayi, ko murfin kwano, ko ƙwallon tsumma ya yi wasa. Kada a ba shi abin da zai iya haɗiyewa. Idan ya girma, carafke da dara da jifan ƙwallo duk makaranta ce ga ido da hannu.

A waɗannan shekaru kuma wasu masana biyu, Hubel da Wiesel, sun gano cewa idan aka rufe ido ɗaya na ɗan kyanwa tun yana ƙarami, ƙwaƙwalwa takan daina sauraron wannan idon, ko an buɗe shi daga baya. Wannan aiki ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1981. Haka yake ga 'ya'yanmu. Yaron da idonsa ɗaya ya karkace, wanda muke kira harara-garke, ƙwaƙwalwarsa takan yi watsi da idon da ya karkace. Idan aka kai shi da wuri, likita yakan ba da tabarau, ko ya riƙa rufe ido mai lafiya na wasu awoyi domin raunanan ya yi aiki, wani lokaci kuma a yi tiyata. Maganin ya fi ci kafin yaro ya kai shekara 7. Maganar "zai gyaru in ya girma" ta jawo wa yara da yawa asarar ido ɗaya.

A kai yaro asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ya kai wata 3 ba ya bin fuska ko haske da ido.
2. Idonsa yana karkace kullum, ko yana yawan karkacewa bayan ya wuce wata 4.
3. Akwai fari a tsakiyar baƙin idonsa. Wannan na gaggawa ne, kada a jira ko mako ɗaya.
4. Ya kai wata 6 ba ya miƙa hannu ga abu.
5. Tun bai shekara ba yana aiki da hannu ɗaya kaɗai, ɗayan yana dunƙule.

Akwai asibitin ido na ECWA a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, kuma manyan asibitocin jihohi da yawa suna da sashen ido. Ma'aikacin lafiya na kusa da ku zai nuna muku inda ya fi sauƙi.

Game da bahago kuwa, yaron da ya girma hannayensa biyu lafiya amma ya fi son hagu ba shi da ciwo. Kusan mutum ɗaya cikin goma haka Allah ya yi shi. Littafin Mahukunta sura 20 ya ba da labarin bahagwai 700 daga kabilar Biliyaminu waɗanda suka shahara wajen jifa da majajjawa. Ana iya koya wa yaro gaisuwa da karɓar abu da dama cikin lallashi, amma dukansa saboda yana rubutu da hagu ba ya ƙara masa komai sai tsoron makaranta.

ABUBUWAN DA SUKE ƁATA WANNAN SHIRI

Shawarar jarirai. Idan idon jariri ko jikinsa ya yi rawaya a kwanakin farko, a kai shi asibiti ran nan. Idan ta yi tsanani tana taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi, kuma raunin ba ya warkewa. Kada a ajiye kayan jariri da kafur, domin yana tayar da shawara ga wasu jarirai.

Zazzaɓi mai zafi da jijjiga. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da sanƙarau suna iya barin yaro da raunin gani, ko ji, ko hannu. A annobar sanƙarau ta 1996, fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka mutu. Gidan sauro da allurar rigakafi su ne kariya.

Gubar dalma. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka mutu a jihar Zamfara saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Da yawa cikin waɗanda suka rayu sun sami raunin ƙwaƙwalwa. Masu aikin haƙar ma'adinai kada su kawo dutse ko kayan aikinsu inda yara suke. An kuma sami dalma a cikin wasu nau'o'in tozali, saboda haka a bar sa wa jarirai.

Hayaƙi a rufaffen ɗaki. Kada a kwana da janareta a cikin gida ko a bakin taga, kada kuma a rufe ɗaki da kaskon garwashi lokacin sanyi. Iskar da take kisa ba ta da wari.

Giya da ƙwayoyi. Giya tana dagula ƙaramar ƙwaƙwalwar nan mai gyara, shi ya sa mashayi yake tangaɗi. Tun kafin a ga tangaɗi, saurinsa ya riga ya ragu. Mai babur da yake gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Idan hannunsa ya makara da rabin sakan wajen kama birki, ya ƙara mita 8. Ran yaro mai tsallaka hanya yana cikin waɗannan mita 8. Haka yake ga mai aiki da injin niƙa ko adda. Gajiya da rashin barci ma suna rage sauri. Mai hawa babur kuma ya sa hular kwano.

Hawan jini. Shi ne babban abin da yake kawo shanyewar ɓarin jiki, kuma sau da yawa ba ya ba da alama. Duk wanda ya manyanta ya riƙa auna jininsa. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

IDAN ABIN YA FARU FARAT ƊAYA

Idan mutum yana zaune lafiya sai bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi ko ya riƙa kaucewa, ko maganarsa ta sarƙe, ko ganinsa ya dushe ko ya rabu biyu, ko ya kasa tsayawa daidai, a nemi mota nan take. A lura da lokacin da abin ya fara domin a gaya wa likita. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. Ko alamar ta wuce bayan 'yan mintoci, a je asibiti, gama gargaɗi ne. Addu'a wajibi ce a gare mu, amma a yi ta ana tafiya a hanya. Kowace awa da aka ɓata, wani sashe na ƙwaƙwalwa yana mutuwa.

AKWAI BEGE BAYAN RAUNI

Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi idan an yi ta gwadawa. Sauƙi ya fi zuwa da sauri a watanni 3 zuwa 6 na farko, amma yana iya ci gaba bayan haka. Kuskuren da muke yi cikin ƙauna shi ne mu yi wa majinyaci komai, mu ba shi abinci a baki, mu sa masa riga. Hannun da ba a aiki da shi ƙara mutuwa yake yi.

A nemi shawarar ma'aikatan sashen gashi a asibiti. A gida kuma, a bar shi ya yi ƙananan ayyuka da raunanan hannun kowace rana: ɗaukar kofin roba ya ajiye, kwashe wake daga kwano zuwa kwano, ɓare gyaɗa, sa maɓallin riga, buɗe shafin littafin waƙoƙi. A fara da abu babba kafin ƙarami. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana ya fi mai yawa sau ɗaya. Kada a ja shi ta raunanan hannun lokacin tayar da shi, domin kafaɗar tana iya gocewa.

Wasu majinyata sukan manta da gefe ɗaya gaba ɗaya, yawanci hagu. Za ka ga mutum ya ci rabin tuwon da ke kwano ya bar rabi, yana cewa ya ƙare. Ba raini ba ne. A juya masa kwanon, a riƙa tuna masa ya waiga wancan gefen.

Dattijon nan yana shan maganinsa yanzu. Jikarsa ce take zama da shi da yamma suna kwasar wake. Har yau ba ya iya sa zare a allura, amma da na koma ƙauyen na gan shi ya sa baikonsa a kwano da hannunsa. Dattawan ikilisiya kuma sun kira waɗanda suka ambaci sunan maƙwabcinsa, suka je suka nemi gafara. Da an bar maganar jifa ta yi ƙarfi, da gidaje biyu sun rabu, Baba kuma yana zaune da hawan jininsa har babbar shanyewa ta zo.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

Zumuntar mata, ƙungiyar matasa da malaman makarantar Lahadi suna iya duba waɗannan tare:

1. Idan wani ya faɗi da dare a ƙauyenmu, motar wa za mu nema, kuma ina kuɗin mai zai fito?
2. Ikilisiyarmu za ta iya sayen ma'aunin hawan jini, a koya wa mutum biyu aiki da shi bayan sujada?
3. Akwai yaro a cikinmu mai karkataccen ido, ko wanda ake kira malalaci saboda rubutunsa, da ya kamata a kai shi a duba?
4. Su wane ne masu shanyewar jiki da suka daina zuwa majami'a, kuma wa zai riƙa ziyartarsu yana taya su motsa hannu?

Ku aiko mana da abin da kuka shawarta ta hannun fastonku ko ma'aikacinmu da yake zagaya yankinku. Ubangiji ya ba mu hikimar lura da jikin da ya ba mu amana, ya kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.